Ɗana Ya Busa Hayaƙi a Gaban Mahaifinsa

Apa Zarrin,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin takaici ya kwantar da ni. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, kuma ba na ganin mutuncin masu shanya sirrin gidansu a waje. Amma abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma duk wadda na faɗa wa a unguwarmu, kafin la'asar ya zaga gari. Kada ki sa sunana.

A Gujranwala muke, nan Pakistan. Babban ɗana, bari in kira shi Sarfaraz, yana aiki a masana'antar fanka. Yana da mata da 'ya ɗaya ƙarama, gida ɗaya muke, su a sama mu a ƙasa. Tun yana saurayi yake shan sigari. Na sani, mahaifinsa ya sani, amma wallahi duk shekarun nan ba mu taɓa ganin karan sigari a bakinsa ba. In abin ya motsa masa sai ya ce zai hau rufi ya duba tattabarunsa. Kowa ya san abin da ake dubawa. Ya sauko, ya kurkure baki, ya jefa kanumfari, sannan ya zauna cikinmu.

Wata rana yana tsaye a bakin lungu da abokansa, sai ga mahaifinsa ya ɓullo daga masallaci. Yaron nan ya dunƙule sigarin a tafin hannunsa da wutarsa, ya tsaya ya gaida ubansa, ya amsa duk abin da ya tambaye shi har ya wuce. Uwar abokinsa ce ta ba ni labari daga baya. Ni dai na ga hannu ya tashi, na shafa masa man shanu na ɗaure, ban tambaya ba. Ki faɗi abin da kika ga dama, amma ranar na ji daɗi a raina. Na ce tarbiyyata ba ta tafi a banza ba. Yaro yana iya kwaso mugun hali a titi, amma in yana jin nauyin ubansa har haka, bai lalace ba.

Bara da sanyi tari ya kama shi, irin wanda ke tsayar da mutum a tsakiyar matakala. Likita ya ce masa ya bar sigari tun ƙirjin yana da sauran amfani. Ya gwada, ya yi 'yan kwanaki yana hargagi a gida kamar wanda kunama ta harba, ya koma. Sai wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wannan ƙazantar da suke kira sigarin lantarki.

Apa, da abin ya yi kama da kwalbar magani, ko abin shaƙar masu asma, da da sauƙi. A'a. Sak sigari. Fari, gindinsa ruwan ƙasa, har bakinsa ja yake yi in an zuƙa. Wane mara kunya ne ya zauna ya ƙera wutar ƙarya? Cajinsa ake yi kamar waya. Inda nake jona dutsen guga, nan nake tarar da shi kwance yana ƙyafta mini ido. Ga warinsa, wani zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya, kamar an ƙona alewa a ɗakin da aka fesa turare mai arha. Sigari ko ba komai bai ɓoye halinsa ba, abin ƙyama ne kuma yana wari irin na abin ƙyama. Wannan kuwa munafuki ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tarin ya ragu. Matarsa Shagufta ta ce ya daina sayen sigari ɗungurungum, yana barci, yana cin abinci. Na haɗiye ƙyamata na ƙyale shi.

To sai abin ya fara saukowa daga rufi. Yau a matakala, gobe a tsakar gida, jibi a gaban talabijin. Da na yi magana sai ya yi dariya, wai, "Ammi, wannan fa ba sigari ba ne, tururi ne kawai irin na tukunyarki." Tukunyata! Tukunyar da na ciyar da shi har ya zama mutum. Kuma da can sai ya hau bene kafin ya sha, ƙafa ma tana gajiya ta hana shi. Yanzu abin yana aljihun gaban riga, ba ashana, ba toka, ba ya ƙarewa balle a ce an gama. Ƙato da gemu yana tsotso wuni guda kamar jinjiri.

Wata Juma'a a watan jiya yayan maigidana, wanda yara ke kira Taya ji, ya zo daga ƙauye. Na dafa shinkafar pulao da naman rago. Aka ci, aka kawo shayi, na zuba wa maigidana garwashi a kan hukkarsa, tulun shan tabar nan mai bututu, kamar kullum, ya juya wa yayansa bututun ya fara ja. Sarfaraz yana zaune kusa da su a kan gadon igiya. Sai kawai ya zaro abin nan, ya sa a baki, bakin abin ya yi ja, ya busa. A gaban ubansa. A gaban yayan ubansa.

Taya ji ya bi hayaƙin da kallo har ya watse, sannan ya dubi ƙaninsa ya ce, "Ashe ka yi murabus ba ka aiko mana ba? Ai da mun zo gaida sabon maigida da tsaraba." Ya juya bututun hukkar wajen Sarfaraz, wai, "Bismillah, Chaudhry sahib, babban maigida, tunda kai ma ka kai."  Kunnuwan maigidana suka yi ja, ya tashi ya tafi la'asar tun ba a kira salla ba. Ni kuwa ina bayan labule, da ƙasa ta tsage da na shige.

Baƙo na tafiya na zare abin daga caji, na haɗa da 'yan kwansunan da ake ɗaura masa, na kulle a akwatin ƙarfe na barguna. Na kira Sarfaraz a gaban matarsa na ce masa abin nan ya gama haska wuta a gidana, kuma in ya sake sa shi a baki, ko ya sayo wani, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Kin san nauyin wannan maganar a wajenmu. Ban taɓa furta ta ga ɗa ba sai ranar.

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Bai sayo wani ba, ɗana ba zai tsallake wannan kalmar ba. Amma bakina bai ambaci sigari ba. Mako bai cika ba ya koma duba tattabaru. Tarin ya dawo, har ya fi na bara. Ina jinsa daga ƙasa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shekaranjiya Shagufta ta same ni ina murza gurasar roti, ido jawur, ta ce, "Ammi ji, ke kin samu ladabinki, ni kuma takaba zan samu." Ki ji surukar zamani! Na kore ta daga kicin, amma maganar ba ta fita tare da ita ba. Na je wa maigidana, ya ce ba da bakinsa aka yi furucin ba, kada in sa shi a ciki.

Yanzu gidana ya koma yadda nake so, ba yaron da ke busa komai a gaban babba. Kuma ɗana yana tari. In na janye, na koya wa gida cewa maganar uwa ma ana iya lanƙwasa ta, kuma da hannuna zan miƙa wa ɗana abin da ko taɓa shi ba na son yi. In ban janye ba, ban san inda ƙirjin nan zai kai shi ba. Da gaske ne abin nan ya fi sigari sauƙi, ko ƙaryar 'yan kasuwa ce? Yaya zan yi?

Uwa mai takaici, Gujranwala

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki, kuma bari in fara da inda kike da gaskiya. Abin da ɗanki ya yi ranar Juma'ar nan rashin ladabi ne, ba shi da wani suna. Taya ji bai ga batir ba, ya ga ɗa yana busa hayaƙi a gaban ubansa, kuma Sarfaraz ba yaro ba ne da zai ce bai san haka za a gani ba. Maganar tururin tukunya kuwa shirme ce. A cikin abin nan akwai sinadarin nan na taba da ke kama mutum ya hana shi sakat. Ba magani ba ne, ba a gama sanin abin da yake yi wa jiki bayan shekaru ba, kuma yawancin na kasuwanninmu ba wanda ya duba abin da aka zuba a ciki. Ni ma ba na ƙaunarsa. Wanda bai taɓa shan taba ba ya ɗauke shi, wauta ya yi.

Amma ɗanki ba daga iska mai kyau ya koma kansa ba, daga sigari ya koma. Ni ba likita ba ce, kuma su kansu likitocin bakinsu bai zo ɗaya ba. Sai dai da yawansu suna cewa mafi yawan cutar sigari tana cikin hayaƙin ganyen da ke ƙonewa, don haka wanda ya bar shi gaba ɗaya ya koma wannan ya rage wa kansa cuta, ko da bai rabu da ita ba. Kunnenki ma ya ba ki shaida, kin ji lokacin da tarin ya ragu, kin ji lokacin da ya dawo.

Kuskurenki a nan yake. Laifin ɗanki shi ne inda ya sha, ke kuma kika hukunta abin da ya sha. Kika ɗora kalma mafi nauyi da uwa take da ita a kan ƙaramar cutar, kika bar wa babbar hanya a buɗe. Kina tsoron a ce maganarki ba ta da ƙarfi. Ai an riga an gwada ƙarfinta. Mutumin da taba ta fi ƙarfinsa shekara da shekaru bai iya tsallake furucinki ba, ya zaɓi ya yi tari. Uwar da ke da ɗa mai jin magana haka, ita ya kamata ta fi kowa auna abin da zai fito daga bakinta.

Ga abin da nake gani. Ki kira shi shi kaɗai, ki ce masa kin yafe nonon, yafiya ba tare da sharaɗi ba. Wannan ba abin ciniki ba ne, kada ya sake shiga cikin rigimar taba. Tunda a gaban matarsa kika furta, ita ma ta ji daga bakinki cewa kin janye. Maganarta ta yi kaifi, amma tsoro ne ya yi magana, ki bar ta ta wuce.

Bayan wannan sai ki kafa dokarki, kuma a nan ki tsananta yadda kike so. Abin nan wurinsa rufi, kamar sigarin da yake kwaikwayo. Ba tsakar gida, ba gaban babba, ba inda 'yarsa za ta gani ko ta kai hannu, don ruwan cikinsa guba ne ga yaro. Kada ya haɗa shi da sigari ko kara ɗaya, wanda ke shan biyun bai tsira da komai ba. Hawan benen ma zai rage masa tsotson wuni guda da kike ƙorafi a kai. Ya je ya ba mahaifinsa haƙuri, ya kira Taya ji shi ma. Sannan cikin makon nan ya koma wa likitansa da abin a hannu, a duba tarin, don tarin da ya tafi ya dawo da ƙarfi ba a zama a kansa. Ya tambaya ko cingam ko filastar barin taba za su fi masa, a kuma tsara masa yadda zai riƙa ragewa har ya ajiye duka. Can ake son zuwa.

Wata magana kuma da ba ki tambaye ni ba. Garwashin da kike zuba wa hukkar maigidanki a kan taba yake sauka, kuma ruwan tulun ba ya wanke ta. Ban ce ki ja daga da dattijo ba. Amma a riƙa kai masa ita inda iska ke kaɗawa, nesa da jikarku da mai tari.

Kada ki jira sai ƙyamar ta bar ki kafin ki buɗe akwatin, ba za ta bar ki ba, kuma ba sai ta bar ki ba. Ki ɗauko shi da bakin mayafi in kin ga dama, ki yamutsa fuska yadda ranki yake so, amma ki yi yau. Kowace safiya da kika ƙara kina nazari, shi a kan rufi yake yin ta da ashana a hannu.

Allah ya ba Sarfaraz lafiya, ya raba shi da na wutar da na cajin baki ɗaya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya, ya bar miki ɗanki.

Apa Zarrin