Kun Rufe Fuskata, Kun Bar Hannuna

Zuwa ga Shugabar ƙungiyar ƙasar waje mai kare haƙƙin mata, ofishin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranki ya daɗe, ni ce mai ƙuli-ƙulin Toranke da ma'aikatanki suka ɗauka a bidiyo. Daga ɗakin yayana a Gaya nake rubuto miki, don gidana ya fi ƙarfina.

Na farko. Bayan rikicin zaɓen da ya wuce, kun zo Ajingi kuna neman matan da za su faɗi abin da 'yan daba suka yi mana a layin ƙuri'a. Na faɗa. Na ce a gabana suka sari wata tsohuwa da adda a kafaɗa, suka tattake mai ciki har ta yi ɓari. Ma'aikatanki sun rantse ba wanda zai gane ni.

Na biyu. Kun dusashe fuskata, kun sauya mini suna, sannan kuka bar hannuna yana ta yawo a bidiyon. Ranki ya daɗe, a garinmu wane namiji ya san fuskar matar aure? Hannu suka sani. Duk mai sayen ƙuli a ƙofar gidana ya san tabon ƙunar mai da ke bayan hannuna, don ta bayan labule nake miƙo masa. Da kun tambayi ko mace ɗaya a Toranke, da ta gaya muku.

Na uku. Ranar kasuwar Ajingi, maza duk sun tafi, 'yan daban suka faɗo mini da tsakar rana ina suya. Suka shure kaskon, tafasasshen mai ya wanke mini ƙafafu. Ɗaya ya danne hannun nan a bakin turmi, ɗaya ya ɗaga taɓaryata ya sauke. Da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Suka ce in bidiyon bai sauka daga intanet ba za su dawo, kuma ba hannu za su nema ba.

Na kira lambar da kuka ba mu. Wata yarinya mai daɗin murya ta ce za a tattauna batuna a taronku na gaba. Wallahi na ji haushin wannan fiye da taɓaryar.

Ga roƙona. Ku sauke bidiyon nan yau, ba bayan taro ba. Ku zo da kanku ku tsaya mana a gaban hukuma, tunda ku ake ji. Ban yi da-na-sanin faɗin gaskiya ba, amma ina so in koma ɗakina in kwana da 'ya'yana.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya tsare ki daga ganin irin abin da na gani. Ki dai hanzarta, ranki ya daɗe. Mu uku ne a bidiyon nan, ni kaɗai suka gano zuwa yanzu.

Wassalam.
Taki, Hajara mai ƙuli, Toranke.