Karan Awo

Makera, Kaduna
Fabrairu, 1986

Zuwa ga ƙanwata Dije,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar tasa? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, cewa in tattara in dawo Malumfashi in huta. Wallahi ina so, Dije. Bayana ya gama aiki, in na sunkuya sai na nemi abin dafawa. Amma in na taho, wa zai haƙa wa mutanen Makera kabari? Da muna da yawa masu yi saboda Allah, yau saura ni da Malam Lawal, shi ma tari ya sa shi gaba.

Samari kuwa ga su birjik tunda masaƙa ta rage ma'aikata. Wuni suke a gindin mangwaro suna karta. Na roƙe su har yawuna ya ƙafe. Su durƙusa su amsa da ladabi, ina juya baya a ci gaba da rabon kati. Tunda soja suka koya musu shara da bulala, ba mai ɗaga shebur sai ya ga bulala, ni kuwa ba ni da ita. Dauda, ɗan Malam Lawal na cikinsa, shi ya ce min aikin na gwamnati ne, kuma ba budurwar da za ta saurari mai haƙa kabari. Ban gaya wa ubansa ba.

Ki ƙara haƙuri. A gaida kowa.

Yayanki,
Ɗanjuma

Makera, Kaduna
Afrilu, 1986

Ƙanwata Dije,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ya zafi a wajenku?

Malam Lawal ya rasu ranar wata Talata, mako uku ke nan. Aka auna shi da kara kamar yadda aka saba, aka kawo min karan maƙabarta don in fitar da tsawon ramin. Ni kaɗai, ga ƙasar rani ta yi tauri, diga sai tsalle take. Har aka sallace shi aka iso da shi ban kai rabi ba. Mutumin da bai taɓa barin gawar kowa ta jira ba, shi aka ajiye a rana cikin makara ana jira na. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Dauda ne ya faɗo ramin da fararen kayansa ya karɓi digar. Bai iya ba, saran nasa duk a karkace, tafin hannunsa ya fashe. Na bar shi, ina nuna masa da baki. Abokansa suka kama kwasar ƙasa.

Kada ki ce an dace tukuna. Bayan sadakar bakwai abokan sun koma gindin mangwaro. Dauda kaɗai ke zuwa maƙabarta, shi ma wata rana ya zo, wata rana shiru, kuma na ji ana nema masa aikin kwandasta a Legas. Wa'azi ya ƙare min. Shekaranjiya sai na yanko kara, na tsaya jikin bango na sa Dauda ya auna ni, na ce ya ajiye, don kada a bar ni a rana kamar ubansa. Ya jujjuya karan a hannunsa, ya tafi da shi. Jiya da yau ya riga ni zuwa, na tarar yana wasa diga.

Zan zo in yi muku Sallah in Allah ya kai mu. Amma ɗakin da kike gyara min ki ba yara, Dije. Na nuna wa Dauda wurin kabarina kusa da na Malam Lawal, karan kuma yana ɗakin Dauda.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Ɗanjuma