Sarkin Kara Ya Aiko a Yafe Masa

Zuwa ga Yaya Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka sallama irin wadda ake yi wa mazauna kabari, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa kun haɗu da Inna da Baba cikin rahama. Ƙanenka Bube ne. Mutanen gida duk lafiya lau. Hajo, ɗiyar da ka bari a goye, har ta yi jika biyu. Ni kuma ina nan Talata Mafara bisa keken ɗinkina, sai dai ido ya fara gardama wajen zura zare.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Labbo ɗan ƙauyenmu ya kwanta ciwo a Bakura, ciwon da ba a sa masa ran tashi, kuma ya aiko babban ɗansa har shagona wai in yafe masa abin da ya yi maka. Shekara arba'in da ɗoriya bakinsa ƙum, sai yanzu da ya hango rami. Na je, na ba shi amsa, kuma kai ya kamata ka fara jin ta. 'Yata za ta sa takardar nan a waya mutane su karanta. Su karanta mana, dama so nake yi.

Ka fi ni sanin labarin, amma ka yi haƙuri in maimaita, don yaran yanzu ba su san wasan kara-kara ba. Ka tuna yadda muke yi a ƙauyenmu in an gama girbi? Kwana uku samari ke mulki a fagen bayan gari. Mu naɗa Sarki irin na zamanin da, da Alkali, da dogarai, da Baturen mulki da muke shafe wa fuska da toka yana magana ta hanci. Bindiga ta kara, tabarau na kara, har agogon hannu na kara. Sauran kowa ya zaɓi ko shi wane ne: wannan bafatake da aka ƙwace wa jakai, wancan maharbi, wancan mai gudun haraji. Kowa ya kawo kukansa gaban Sarki.

Wasan yana da ƙa'idarsa, kuma kai ka koya mini ita. Talaka ba ya ɗaga murya a fada. Zai durƙusa ya yi magana ƙasa-ƙasa, dogari ya ɗauka ya shelanta wa jama'a. Dole Sarki ya ba da amsa. In ya yi shiru har makaɗi ya buga ganga sau uku, an tuɓe shi ke nan, a naɗa wani. Ran kwana na uku da la'asar a tara kayan kara a cinna musu wuta, duk abin da aka faɗa a fage ya ƙone tare da su. Ka zagi wanda ka zaga, ba mai bin ka da shi gida. Ko hakimin gaske, in ya ji an kwaikwayi tafiyarsa, dariya yake yi ya aiko da goro.

Sai shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya iso gonakinmu. Ina ganin ka har yau tsaye bakin gonar Baba, katafila tana bi ta kan dawa ta fara fitar da kai. Ɗorawar nan da muke shan fura a ƙarƙashinta, kafin azahar an kwantar da ita. Kushewar kakanmu da ke gefen gonar, ko alamarta ba mu sake gani ba. Aka ce mu jira, za a gyara ƙasa a mayar mana. Muka jira damina ta wuce ba mu sa ko ƙwaya a ƙasa ba.

Dattawa suka ce bana a haƙura da wasa, wa ya yi girbi balle a yi murna? Kai ka nace sai an yi. Karan ma babu shi a garin, sai da muka je wurin dangin Inna a Kaya muka ɗauro bisa jakai. Aka naɗa Labbo Sarki, don shi ke da jiki da iya zama. Ni kuma aka ba ni dogari, don kowa ya san ni da baki kamar kakaki.

Ran kwana na biyu da hantsi ka shigo fage cikin tsohuwar taguwar Baba, da sanda, kana ɗingishi, wai kai talaka ne na zamanin Turawa da aka bi da hanya ta cikin gonarsa. Babu wanda bai gane inda ka dosa ba. Ka durƙusa, na sunkuya na kawo kunne. Wallahi ban manta ko kalma guda ba: “Ranka shi daɗe, an ɗauke min gona, an ɗauke kushewar kakana. Ka gwada min inda za ni tsaya in yi mai addu'a.”

Abin da ka ce ke nan, Yaya. Mutum biyu kaɗai suka ji, ni da Labbo.

Ni kuma, da rawar kan ɗan shekara goma sha tara, na ga 'yan mata sun yi cincirindo, na ga maganar ta yi sanyi da yawa. Na miƙe na shelanta ta, sannan na ƙara mata gishiri. Na ce talaka ya rantse in ba a mayar masa da gonarsa ba, sai ya banka wa dokin ƙarfe wuta, wato katafila. Fage ya kaure da sowa. Tsofaffi na share hawaye, samari na jefa huluna sama. Ka ɗago ka harare ni, amma ba ka ƙaryata ni ba, don ba a ƙaryata dogari a fada.

Labbo ya buɗe baki ya rufe. Me zai ce? Kowa ya riga ya san yana kai-komo wurin masu awon ƙasa, yana neman su ɗauke shi aiki. Ganga ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku. Ni da hannuna na warware masa rawani, yara suka bi shi da eho har ƙofar gidansu. Washegari aka ƙona kara, yana tsaye tare da mu, har ya miƙa maka hannu kuka gaisa. Munafuki!

Bayan 'yan makonni ƙasa ta yi zafi, manoma sun fara tare hanyoyin aiki. Ran kasuwar Mafara muna tsaye ni da kai wurin masu gishiri, mota ta tsaya, masu kaki suka diro. Babbansu ya tambaya ko kai ne mai cewa za ka ƙona katafila. Na waiga, sai ga Labbo zaune gidan gaba ya ja hula ya rufe goshi. Na yi ta ihu ni na faɗa, ni na faɗa, ku tafi da ni. Wani ya sa gindin bindiga ya ture ni cikin kwata. Ka ce mini in koma gida in ce wa Inna ka biya wani wuri.

Kwana goma sha tara suka riƙe ka. Da aka sako ka a kan amalanke muka kawo ka gida. Ba ka iya kwanciya rigingine, in ka yi tari sai jini. Inna ta yi ta dafa sassaƙe, ka sha don ka faranta mata, amma duk mun san inda aka nufa.

Ranar da za ka cika, da safe, Liman ya zo ya ce ka yafe wa jama'a, su ma su yafe maka. Ka ce: “Na yahe ma kowa, ban da mutum guda.” Liman ya tambayi ko wane ne, ka juya fuska bango. Ba ka faɗa ba, Yaya. Duk ɗakin suka ɗauka Labbo kake nufi. Ni da ke riƙe da ƙafarka tsoro ya kama ni, don na san bakin da maganar wuta ta fito. Wannan tsoron na kwana da shi na tashi da shi har na yi furfura, ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Daga shekarar ba a sake wasan kara-kara a garinmu ba. Wa zai yarda ya durƙusa gaban wani ya faɗi cikinsa? Labbo ya kashe ka, ya kashe wasan.

Shi kuwa abin duniya ya yi ta zuwa masa. Aka ba shi shugaban lebura, da aka zo rabon filaye ya samu na bakin ruwa, mu aka jefa mu can tudu inda ruwan ba ya kaiwa. Ya yi tumbi, ya je Makka, ya riƙa zama sahun gaba da farar riga. Inna ta mutu ba ta daina zuba tuwo a akushinka ba. Matarka ta koma gidansu a Maradun da Hajo a baya. Sau nawa na gan shi a kasuwa hannuna yana ƙaiƙayi bisa almakashi? Tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni, ba tausayi ba.

Da ɗansa ya zo, kowa ya taso mini. Matata ta ce in dubi girman Allah. Limamin unguwarmu ya yi mini nasiha har sau biyu, ya ce mai yafiya shi ke da riba. Na ce na ji, Malam, Allah Ya saka. Cikinsu ba wanda ya ga raunukan bayanka ranar da muka yi maka wankan gawa, ni na gani.

Ran Alhamis na shiga mota na tafi Bakura. Na same shi bisa katifa a zaure, ya zama ƙashi da fata, ƙuda na bin bakinsa ba ya iya kora. 'Ya'yansa da jikoki sun cika wurin, an shimfiɗa mini darduma, an kawo ruwa. Ban zauna ba, ban sha ba.

Ya kama kuka, wai ƙuruciya ce da sharrin Shaiɗan. Na ce ƙuruciya a wurin mai mata da 'ya'ya biyu? Na tambaye shi gaban iyalinsa, tun da ya ji da kunnensa ni na yi maganar wuta, don me bai ba da sunana ba? Ya ce ni Bube wa ya san ni, kai mutane ke saurare, kai suke nema. Ya ce kuma ehon nan da aka yi masa ya hana shi barci. Ka ji fa, Yaya. Ehon yara aka biya da ranka.

Na gaya masa haƙƙin ba nawa ba ne balle in yafe. Mai shi yana nan inda ya tura shi, kuma ga alama ya kusa isa, sai ya roƙe ka baki da baki.

Har na juya, ya ce in tsaya don Allah. Ashe shi ma maganar nan ta mutum guda ta je kunnensa tun wancan lokaci, ita ke cin sa. Ya tambaye ni, tun da ni ke kusa da kai, ko ka ambaci suna. Idonsa ya yi zuru-zuru, yana jira in ce a'a ya samu abin riƙewa.

Na ce ka ambata. Na ce ka jawo ni ka raɗa mini a kunne, Labbo, har sau uku.

Ƙarya na yi, Yaya, gaban mai mutuwa, da tsufana. Na ga lokacin da fuskarsa ta zube, na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa kamar na akuyar da aka danne. Matansa suka fashe da kuka daga cikin gida. Na sa takalmina na fito, na sayi rake a tasha, na sha abina har Mafara. Rabon da in ji zaƙin wani abu haka na manta. An ce tun ranar bai sake cin abinci ba, sunanka kawai yake kira. Na nemi nadama a zuciyata, na lalube ko'ina, ban same ta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Nomau, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya tsayar da kai da Labbo a gabanSa, Ya bi maka haƙƙinka ɗaya bayan ɗaya, kada Ya rage masa ko ƙwayar gero. Ni kuma Allah Ya yafe mini ƙaryar da na yi maka, in tana yafuwa.

In ya iso, kada ka yi saurin sakin sa. In kuwa ba shi kake nufi ba ranar nan, to ka ɗan ƙara haƙuri. Ni ma ba zan daɗe ba, zan zo in ji da kunnena.

Naka har mu gamu,
ƙanenka Bube.