Injin Ban-Ruwa Ya Yi Shiru

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarki, yaya su Talatu da yara? Ni lafiya lau nake a gonar dabino a Badar, wajen Madina. Abinci ba laifi, kada ki damu. Fasfona dai yana hannun kafili, maigidan da ya ɗauko ni, ya ce ba zancen gida sai kwantiragi ya ƙare.

Inna, ke kika ba mu labarin yadda aka kori Kaka Dogara daga cocin mishan don Ruhu ya sauko masa ya ɗaga murya cikin harsuna, ya koma gindin tsamiya ya kafa Ikilisiyar Muryar Ƙaho. Tun muna yara ake koya mana cewa addu'ar da maƙwabci bai ji ba, ba ta fita daga ɗaki ba.

To, nan ba a yin haka. Haladu, abokin ɗakina, Musulmi ne mai kirki, ya ja ni gefe ya ce, "Filibus, don Allah ka rufa wa kanka asiri." Sai na riƙa shiga ɗakin injin ban-ruwa, yana ruri ina yin addu'ata da ƙarfi, har da tafi.

Makon jiya kafili ya canza injin da na sola, mai aiki da hasken rana. Wannan ko tari ba ya yi.

Ki tambayar mini Fasto Ayuba: jikan Dogara da ke motsa leɓe kawai, har yanzu namu ne? In ya ce a'a, kada ki gaya mini. Ran Lahadi dai ki ɗaga murya sosai, taki da tawa.

Ɗanki,
Filibus