Mai Kunne a Cikin Kwalin Firji

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na samu aiki, kuma aikin shi ne in yi wauta da gangan. Wallahi ko ni aka ce in zaɓa, iyakar abin da zan zaɓa ke nan.

Yaya ce ta ɗauke ni. Digirinta na biyu take yi, tana binciken yadda yara 'yan shekara uku zuwa biyar suke fara gane lissafi. Hutun karatun da makarantar da take koyarwa ta ba ta zai ƙare ƙarshen watan nan. In ba ta gama da yaran ba kafin nan, sai baɗi, in ma an sake ba ta hutun. Abin da take so, wani ya sa 'yar tsana a hannu ya riƙa ƙirga murafun kwalba a gaban yaro, wani lokaci daidai, wani lokaci da kuskure, a ga ko yaron zai kama shi.

Mama ta ce, "Wannan za ki ɗauka? Wanda ya ɗinke wa kawunsa ƙafar wando yana barci?" Yaya ta ce duk layin nan ba wanda yara suke bi kamar ni.

Ni da allo kaɗai na sani, bokon ma a waya na tsince shi, yau ni ne ma'aikacin jami'a. Na gaya wa abokina Dogo, ya ce to jami'a ta lalace.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na haɗa shi. Safar Baba ƙafa ɗaya (bai sani ba tukuna), maɓallai biyu, sai kunnuwa manya da na yanko daga ƙyallayen shagon Kawu. Sunansa Mai Kunne.

Yaya ta zaunar da ni ta karanta mini dokoki kamar alƙali. Wani zubin zai tsallake murfi ɗaya. Wani zubin ya taɓa ɗaya sau biyu. Akwai kuma na tarko: ya fara daga tsakiya ya zagayo, amma kowanne sau ɗaya ya taɓa, wato daidai ne ko da ya yi kama da shirme. Kowane yaro magana iri ɗaya, murya iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Na ce to. Irin to ɗin da nake ce wa Mama.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ranar farko!

Ɗakin ajiyar kaya aka ba mu a makarantar yara, karyayyun kujeru jibge a lungu, ɗan tebur iya gwiwata. Yaya ta kafa waya tana ɗaukar bidiyo. Na farko wani mai giɓi ne, ya shigo yana jan wando. Mai Kunne ya fara, ɗaya, biyu, uku, ya tsallake na huɗu. Yaron ya ce, "Ƙarya kake!" ya kai masa rankwashi. A kan yatsuna ya sauka. Na kusa faɗowa daga kujera.

Abin da ya ɗaure mini kai: akwai wata da ta rero ƙirga har ashirin ba tuntuɓe, amma da Yaya ta ce ta ba Mai Kunne murfi uku, sai ta damƙo cikin hannu ta zube masa. Ashe daban bakin ya iya, daban kan ya gane. Na tuna lokacin da nake rera karatu da ƙarfi fiye da kowa, Malam ya ce in nuna masa harafin da yatsa, na nuna saman allo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Baba yana neman safarsa. Na taya shi nema sosai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yaran nan aljanu ne. Ba kuskuren da suke bari ya wuce, har 'yan shekara ukun. Na tarkon ma ba ya kama kowa. Yaya ta ce duk abin da ta karanta ya nuna ƙananan kan faɗi a nan, amma ga nata suna cinyewa. A mota sai murmushi take ita kaɗai, har ta saya mini lemo ban roƙa ba. Jibi za ta kai wa farfesarta bidiyon, kuma wai da ni za a je. Na goge riga.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Farfesa 'yar ƙaramar mata ce, tabarau a kan hanci, ofis duk takardu har kan taga. Ta duba sakamakon shafi bayan shafi. Sai ta ce ya yi kyau fiye da kima. Ta kunna bidiyon, ta kashe sautin, ta ɗauki ambulan ta rufe rabin fuskar kwamfutar, wajen tebur da Mai Kunne. Ni kaɗai na rage a ciki.

Ta zuba wa fuskata ido tana cewa, wannan daidai zai ƙirga. Wannan kuskure. Wannan ma kuskure. Yaya tana bin takardarta, ko ɗaya matar nan ba ta saɓa ba.

Ashe duk sanda zan yi kuskure sai girata ta ɗaga, kumatuna su cika kamar mai ɓoye alewa. Yaran ba murafun suke kallo ba. Ni suke kallo.

Farfesa ta ce, "Samari, kai ne ka zauna jarrabawar nan, kuma ka ci." Ta ma yi dariya. Yaya ba ta yi ba. Duk aikin makarantar nan ya tashi a banza, kuma ba za a sake da yaran ba tunda sun san wasan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yaya ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ina jin ta a kicin tana ce wa Mama laifinta ne, ita ya kamata ta lura. Ta buga wa mutum biyu waya su karɓe ni, kowa na da uzuri.

Dokokin nan fa na bi su. Ban ƙara ko kalma ba, duk da ƙaiƙayin da bakina yake. Fuskar ce ba a ba ta doka ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na yini gaban madubi ina koyon ɗaure fuska. Na kira Mama gwaji, tana tsintar shinkafa ma ba ta ɗago sosai ba, amma duk ta canka. Wai in na danne dariyar sai ta gangara hannuna, kunnuwan safar su kama kaɗawa. Ta ce tun ina goye, in na yi shiru ta san na yi ɓarna.

Da la'asar na hango kwalin firji a ƙofar mai gyaran lantarki. Na tsaya. Na zagaya shi. Na shiga ciki na zauna, mutumin yana kallona kamar sabon mahaukaci.

Na jawo kwalin gida, na huda ƙofar hannu, na ɗinke kunnuwan Mai Kunne a jikin kansa, Allah ya ba shi haƙuri. Yaya ta zagaya kwalin ta leƙa ta ko'ina. Ta ce, "Auta, in ka yi ko tari a ciki, ni da kai ne." Ta kira ni Auta, to an fara shiryawa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sabuwar makaranta, can bayan tashar mota. Cikin kwali zafi kamar tanda, ga warin roba. Ba na ganin kowa, sai tebur ta wata 'yar huda da hannuwan yara. Ba mai ganina.

Yanzu kam suna faɗuwa. Yaya kuwa murna take, wai wannan shi ne gaskiyar.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau na sha wuya. Mai Kunne ya tsallake murfi a fili, wani ɗan mitsitsi ya ce, "Ya iya!" har da tafi. Tarin ya taso mini har maƙogwaro, ɗan ƙaramin tari kawai da zai sa ya sake dubawa. Na cije hannun riga.

A hanya na ce wa Yaya tausayi ya ba ni. Ta ce ba faɗuwa yaron ya yi ba, inda ya kai ke nan, kuma in ba a san inda yaro ya tsaya ba, ta ina malama za ta ɗauko shi?

Litinin, 24 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan kafin in ci abinci.

Wata yarinya, malamarsu ta ce ba ta magana a aji, kada mu wahalar da kanmu. Hannunta kawai nake gani, da ɗan awarwaro ja. Mai Kunne ya taɓa na uku sau biyu, ya ce shida, alhali biyar ne. Yaya ta tambaye ta ko ya ƙirga daidai. Shiru.

Sai hannun ya matso ya kama bakin Mai Kunne, wato yatsuna, ya mayar da shi farkon layi. Ta riƙa ɗora shi a kan murafun ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo na ukun ta danna shi da ƙarfi, ta ce a hankali, "Wannan ka riga ka taɓa shi. Kar ka sake."

Ba gira, ba kumatu, ba kowa. Ita kaɗai ta gano!

Na yi ta washe baki a cikin duhu kamar wawa. Amfanin kwali ke nan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun gama jiya. Yau Farfesa ta sake wasanta, ta kashe sauti, ta rufe murafun, ta zuba wa Mai Kunne ido. Ta canka, ta saɓa, ta canka, ta saɓa, har ta ture ambulan ta ce wannan safa ba ta da amana. Ta sa hannu. Yaya ta fito baranda ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da mayafi. Na tsaya gefe ina riƙe da jakarta, kuma ban ce komai ba, abin da ko ni ya ba ni mamaki.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗan maƙwabta ya shigo yana ƙirga takalman bakin ƙofa, ɗaya, biyu, biyar, tara. Dogo ya fashe da dariya, yana zungurina in ɗora masa ashirin da goma sha talatin kamar yadda muka saba.

Na tsuguna na jera wa yaron uku kawai, na ce ya taɓa kowanne. Dogo ya gaji da jira ya tafi.

Zafin kwalin nan ne, ina jin. Zai sake ni.

Yaron ya kai huɗu kafin uwarsa ta kira shi.