Ƙarshen Kaltume

Unguwar Kanawa, Kaduna

Zuwa ga aminina Husaini,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Hassana da jikoki, ƙafar kuma ta yi sauƙi. 'Yata Harira ce ke rubutawa, na ce kada ta rage ko kalma.

Ka tuna shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, da maigidanmu Labaran mai majigi ya bar mana gwangwanayen fim ɗin nan na Amurka marar magana? Kai kana juya inji, ni ina gefen farin ƙyalle ina sa wa mutanen ciki baki. Matar da aka kora da jaririnta muka raɗa mata Kaltume. Faifan ƙarshe bai taɓa zuwa hannunmu ba, sai ka bar haske a ƙyalle, ni in mayar da ita gida da bakina.

To Harira ta kai zancen fim ɗin ofishinsu na adana kayan tarihi, ga wata Baturiya ta iso. Wai duk duniya babu sauran fim ɗin sai nawa, za su gyara shi. Na yi murna, sai Baturiyar ta ce tsohuwar jaridarsu ta nuna Kaltume mutuwa ta yi a ƙarshe, haka za su rubuta. Na tambaye ta ko ta gani da idonta. Ba ta gani ba. Na mayar da kayana ƙarƙashin gado.

Naka,
Jamaluddeen

Husaini,

Bayan gaisuwa, yaya jikin? Na ga saƙonka. Har kai ma kana ce min mai taurin kai.

Jiya na buɗe gwangwani na biyu, warin tsami ya buge ni. Faifan ya fara manne wa juna, ya cinye rabin fuskar Kaltume a inda take bakin rijiya. Baturiyar ta ce matar da ta fito a Kaltume ta ƙare rayuwarta tana wankau, ba wanda ya san ta. Ke nan fuskarta ba ta rage ko'ina ba sai a ɗakina, kuma ruɓewa take.

Sun ce ba za su sa muryata a fim ɗin ba, wai ba ta cikin asali. Harira tana rubutu tana gyaɗa kai, ina ganinta.

Gobe da safe zan ɗora gwangwanayen a Keke Napep in kai musu. Amma kafin su taɓa, sai sun zauna, na tsaya jikin bango na kai Kaltume gida. In ya so su rubuta abin da suka ga dama.

Ka gaida Hassana. Allah ya bar zumunci.

Amininka,
Jamaluddeen