Itacen Wankan Salome

Yaya Mika,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya mutanen Bomo? Ka gaida matata Salome, ka ce ta daina ɗaukar kaya mai nauyi tunda watan haihuwarta ya kama.

Ni lafiya lau nake a Fatakwal. Aikin gadi ne, kwanan bakin ƙofa kuma ba ya kashe mutum. Sau ɗaya nake ci a rana don in tara kuɗin asibiti, kada ka gaya wa Inna.

Ka san da jarina ya karye na rufe shagon Sabon Gari, masu bin bashi sun kwashe komai har katifa. Abu ɗaya suka bari, itacen da na tara a bayan ɗaki don wankan jegon Salome. Da hannuna na faskara shi kafin in taho. Yanzu ta gaya mini a waya ka sayar wa mai ƙosai a Samaru, wai zamanin gas ne. Gas ɗin wa? Kai za ka saya mata?

Ba na son bayani. Ka mayar da itacen nan kafin ta haihu, ko ka saya ko ka ɗauki gatari.

Da na yi niyya in namiji ne ya ci sunanka. Na fasa. Masu bin bashi ma sun fi ka tausayi.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Yunana